Shin Ya Dace a Ƙara wa Lafiyayyen Mutum Ƙarfi da Basira ta Hanyar Fasaha?

"Likita, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'a. Na karanta cewa wani masani a ƙasar Sin ya gyara ƙwayoyin gadon jarirai tun kafin a haife su, kuma kamfanin Elon Musk ya fara dasa na'ura a ƙwaƙwalwar mutane. Wasu abokaina suna cewa nan gaba kaɗan masu kuɗi za su riƙa saya wa 'ya'yansu basira da ƙarfi, mu kuma mu zama 'yan aikinsu. Wasu kuma suna cewa ai ci gaba ne kawai, kamar tabarau da allurar rigakafi. Shin ya dace a yi amfani da fasaha a ƙara wa mutum abin da ba a haife shi da shi ba? Kuma wa ke da ikon cewa a tsaya?"

Ɗan'uwa, barka kadai, kuma na gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ka da kyau, abu biyu ne suka dame ka: na farko, ko akwai bambanci na gaskiya tsakanin warkar da marar lafiya da ƙara wa lafiyayye abin da ba shi da shi, na biyu, idan har akwai inda ya kamata a tsaya, wane ne zai iya tsayar da masu kuɗi da kamfanoni da gwamnatoci a wurin. Ni likita ne, kuma ina koyar da ɗaliban likitanci ɗa'ar aikinsu. Bari in faɗa maka matsayina tun da fari, domin ka riƙa auna hujjojina da shi. Ban ɗauki kowane ƙari a jikin mutum a matsayin laifi ba, amma tambayar da nake fara yi a kan kowace irin fasaha ita ce: shin wanda ba ya so zai iya cewa a'a, ya kuma ci gaba da riƙe aikinsa da gurbin karatunsa da mutuncinsa? Duk inda amsar ta zama ba zai iya ba, a nan nake ja da baya.

Abin da fasahar ta iya, da abin da ba ta iya ba

Tsoron abokanka na farko da zumuɗin na biyu duk sun ginu ne a kan zato ɗaya, wato cewa masana sun kusa iya ƙera mutum yadda suke so. Ba su kusa ba. A shekarar 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana hanyar CRISPR, wadda ake amfani da ita a yanke wani wuri da aka zaɓa a cikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, suka kuma sami kyautar Nobel a kanta a 2020. Babban abin da wannan hanya ta haifar zuwa yanzu magani ne: a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy domin masu cutar sikila, inda ake ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su a ɗakin gwaji, a mayar masa. Haka na'urar Neuralink, kamfanin Elon Musk da ka ambata. Mutum na farko da aka dasa wa ita, a Janairun 2024, jikinsa ya shanye ne daga kafaɗu zuwa ƙasa sakamakon haɗari, kuma abin da ta ba shi shi ne damar sarrafa kwamfuta da tunaninsa. Wannan babban abu ne a rayuwarsa, amma wani yanki na abin da ya rasa aka maido masa, ba basira aka ƙara masa ba.

Sikila cuta ce da ke fitowa daga ƙwayar gado guda ɗaya, an san ta, an san yadda take aiki. Tsawo da basira ba haka suke ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da miliyan 5, ya gano wurare kimanin 12,000 a cikin DNA da ke da hannu a tsawon mutum, kowanne da ɗan ƙanƙanin tasirinsa. Tsawo ke nan, abin da ake jingina mutum da bango a auna nan take. Basira ta fi wannan sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, domin lafiyar uwa lokacin goyon ciki, da abin da yaro ya ci, da makaranta, da irin mutanen da ya tashi a cikinsu, duk suna da kasonsu. Sannan ƙwayar gado ɗaya takan yi aiki fiye da ɗaya. Ƙwayar sikilar nan da ke wahalar da wanda ya gaje ta daga uwa da uba, ita ce ke ba wanda ya gaje ta daga ɓangare ɗaya kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wanda ya taɓa wuri ɗaya yana neman amfani guda, bai san abin da ya motsa a wani wurin ba.

Wannan ne ya sa abin da He Jiankui, masanin ƙasar Sin da ka ambata, ya aikata ya girgiza masana. A Nuwamban 2018 ya sanar da haihuwar tagwaye mata waɗanda ya taɓa musu ƙwayar gadon da ake kira CCR5 tun suna 'yan tayi, da nufin ƙwayar cutar HIV ta kasa shiga jikinsu. Yaran ba su da cutar. Mahaifinsu ne yake ɗauke da ita, kuma tun kafin lokacin akwai hanyoyin da aka tabbatar na hana ta kaiwa ga jariri. Bayanan da shi kansa ya gabatar sun nuna cewa gyaran bai fito yadda aka nufa ba, kuma ba dukkan ƙwayoyin jikin yaran ne suka canza iri ɗaya ba. Ga shi kuma an riga an san cewa mutanen da CCR5 ɗinsu ba ya aiki sun fi shan wuya idan cutar West Nile, wadda sauro ke yaɗawa, ta kama su. Garin neman gira, ana iya rasa ido, kuma idon ba na mai binciken ba ne. A Disamban 2019 wata kotu a Shenzhen ta ɗaure shi shekara 3, ta kuma ci shi tarar yuan miliyan 3.

Ina iyakar magani, ina mafarin ƙari?

Abokanka masu misali da tabarau da rigakafi suna da gaskiya a wuri guda, kuma bai kamata a raina hujjarsu ba. Allurar rigakafi lafiyayye ake yi wa, kuma tana ba jikinsa kariyar da ba a haife shi da ita ba. Idan da za a ce duk abin da ya wuce yadda aka haifi mutum laifi ne, da rigakafin ƙyanda ma ya shiga ciki. Saboda haka cewa "wannan ba ɗabi'ar jiki ba ce" ba ta isa hujja ba. Ita kanta halittar ba daidai ta raba ba: Eero Mäntyranta, ɗan ƙasar Finland da ya ci lambobin yabo 7 a wasannin Olympics na gudu a kan ƙanƙara tsakanin 1960 da 1968, an haife shi ne da wani sauyi a ƙwayar gadonsa wanda ya sa jininsa ya fi na sauran mutane yawan jajayen ƙwayoyi. Abin da ya samu a gado, shi wasu suke nema ta allurar EPO mai ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, a kama su a kore su daga gasa.

Duk da haka, kasancewar iyakar ba ta fito fili a ko'ina ba, ba ya nufin babu ita. A 2003 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa yi wa yaran da suke gajeru sosai allurar sinadarin girma, ko da gwaji bai nuna suna da ƙarancinsa ba. Na taɓa zama da wani uba da ya kawo ɗansa mai shekara 11 yana neman wannan allura. An yi wa yaron duk gwajin da ya kamata, babu abin da aka samu. Uwa da uba duk gajeru ne, shi ma ya biyo su. Uban ya ce da ni, "Likita, a ajinsu shi ne ƙarami, ba na son a riƙa raina shi kamar yadda aka raina ni." Yaron yana zaune a gefe yana murza bakin rigarsa, duk maganar da ake yi a kansa ce, amma ba wanda ya tambaye shi. Da na tambaye shi, sai ya ce shi dai ba ya son allura. Na yi wa uban bayani cewa allura ce ta kowace rana har tsawon shekaru, abin da ake samu kuma 'yan santimitoci ne, waɗanda ba lallai su kai ga abin da yake fata ba, na kuma ce ya nemi ra'ayin wani ƙwararren idan yana so. Ban ga laifin uban ba, domin ƙauna ce ta kawo shi. Amma ciwon da yake son a warkar ba a jikin yaron yake ba, yana cikin idon masu raina gajere. Kuma tsawo abu ne da ake aunawa da na wasu: idan aka ƙara wa dukkan gajerun yara, wasu ne za su koma mafi gajarta a aji, a sake kawo su.

A nan ne nake ganin bambancin da ya fi amfani. Akwai ƙarin da amfaninsa na mutum ne ko da kowa ya samu, kamar kariya daga cuta. Idan maƙwabcinka ya yi rigakafi, kai ma ka ƙaru. Akwai kuma ƙarin da amfaninsa kawai shi ne ka sha gaban wani, kuma da zarar kowa ya yi, amfanin ya tafi, haɗarin ya zauna.

Yadda zaɓi yake rikiɗewa ya zama tilas

Masu goyon bayan wannan fasaha sukan ce jikin mutum nasa ne, wanda yake so ya yi, wanda ba ya so ya bari. Maganar tana da daɗin ji, kuma da mutum shi kaɗai yake rayuwa da ta wadatar. Wani ɗalibina ya taɓa tsayar da ni bayan darasi, jarrabawa saura 'yan kwanaki, idanunsa sun yi ja saboda rashin barci, ya roƙe ni in rubuta masa methylphenidate, maganin da ake ba masu matsalar tattara hankali. Ba shi da wannan matsala, kuma ya san ba shi da ita. Hujjarsa ita ce, "Malam, da yawa a ajinmu suna sha, idan ban sha ba ni za a bari a baya." Ban rubuta masa ba, amma maganarsa ita ce zuciyar tambayarka. Shi bai zaɓi komai ba. Tsoron a wuce shi ne ya zaɓa masa.

Wannan ba ɗalibai kaɗai ya shafa ba. A 2008 mujallar Nature ta tambayi masu karanta ta, waɗanda akasarinsu masana ne, kuma cikin kimanin mutum 1,400 da suka amsa, ɗaya cikin biyar ya ce ya taɓa shan irin waɗannan magunguna ba don rashin lafiya ba. Abin takaicin shi ne amfanin ma bai kai yadda ake zato ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2023, wanda aka yi da lafiyayyun mutum 40, ya nuna cewa bayan shan su mutane sun ƙara ƙwazo da daɗewa a kan aiki mai wuya, amma ingancin abin da suka fitar bai ƙaru ba, na wasu ma raguwa ya yi. Mutum yana jin kamar ya fi kaifi, alhali ya fi wahala ne kawai.

Wasanni sun riga sun nuna mana ƙarshen wannan hanya. A 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong kambun tseren keke na Tour de France guda 7 da ya ci tsakanin 1999 da 2005, kuma hukumar tseren ba ta miƙa su ga kowa ba, saboda yadda amfani da abubuwan ƙara kuzari ya game manyan 'yan tseren wancan lokaci. Matashin da ya shiga wannan sana'a a shekarun nan, zaɓinsa biyu ne: ya sha, ko ya nemi wata sana'ar. A Jamus ta Gabas kuwa gwamnati ce da kanta ta riƙa ba 'yan wasa sinadaran gina tsoka, har da 'yan mata ƙanana, da yawa ba tare da sun san abin da ake ba su ba, kuma wasunsu sun rayu da illar har girmansu.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne aikin soja, domin a can ƙin bin umarni laifi ne. A 1940 an raba wa sojojin Jamus ƙwayoyin Pervitin kimanin miliyan 35 domin su yi kwanaki ba barci. A Disamban 2020 kwamitin ɗa'a na ma'aikatar tsaron Faransa ya amince a yi bincike a kan ƙara wa soja ƙarfin jiki da na tunani, tare da gindaya sharuɗɗa, kuma daga cikin hujjojin da aka bayar akwai cewa wasu ƙasashe ba za su jira ba. Ka ga hujjar ɗalibin nan ce dai, sai dai wannan karon ƙasa ce take faɗa.

Wanda ba a haifa ba, ba a tambaye shi ba

Gyaran da aka yi wa baligi a jikinsa yake tsayawa. Gyaran da aka yi wa ɗan tayi kuwa yana bin 'ya'yansa da jikokinsa, kuma babu ɗayansu da aka nemi yardarsa. Masanin falsafa Julian Savulescu ya kawo hujja a 2001 cewa idan iyaye suna da damar zaɓa tsakanin 'yan tayi, ya kamata su zaɓi wanda ake ganin zai fi samun kyakkyawar rayuwa. Ana kuma ƙarfafa wannan da cewa ai iyaye suna zaɓa wa yaro makaranta da tarbiyya ba da izininsa ba. Amsata ita ce yaro yana iya girma ya bar abin da aka koya masa, ya canza sana'a, ya saɓa wa iyayensa. Abin da aka rubuta a ƙwayoyin jikinsa ba ya da hanyar ajiye shi. Inda ake maganar kauce wa cuta mai tsanani da aka san ƙwayar gadonta, ina ganin iyaye suna da hujja mai ƙarfi. Inda ake maganar "mafi kyau", sai in tambaya, a idon wa?

Tarihi ya taɓa amsa wannan tambaya, kuma amsar ba ta yi kyau ba. A 1883 Francis Galton ya raɗa wa aƙidar inganta irin ɗan Adam suna, kuma manyan masana da 'yan siyasa suka rungume ta a matsayin ilimi. A 1927 kotun ƙolin Amurka ta halatta yi wa waɗanda aka kira masu raunin hankali tiyatar hana haihuwa bisa tilas, kuma mutum fiye da 60,000 aka yi wa a ƙasar. Jamus ta kafa tata dokar a 1933, ta yi wa kimanin mutum 400,000. Sweden ma ta yi wa kimanin 63,000 tsakanin 1935 da 1975. Waɗanda abin ya faɗa wa akasari matalauta ne, da masu naƙasa, da waɗanda ba su da mai tsaya musu. Masu kare fasahar yau suna cewa wancan tilas ne na gwamnati, wannan kuwa zaɓin iyaye ne, kuma bambancin gaskiya ne. Sai dai idan ranar ta zo da za a dubi uwar yaro mai naƙasa a ce ai ita ta ƙi zaɓa, ko kamfanin inshora ya ƙi ɗaukar nauyinsa, to tilas ɗin ya dawo ta wata ƙofa.

Wa ke da ikon cewa a tsaya?

A gaskiya babu wata hukuma guda a duniya da ke da wannan iko. Yarjejeniyar Oviedo ta 1997 ta haramta gyaran da zai bi zuriya, amma ƙasashen Turai da suka amince da ita kaɗai take ɗaurewa, kuma Birtaniya da Jamus ba su sa hannu ba. A Amurka, tun daga ƙarshen 2015 majalisar dokoki ta hana hukumar magunguna duba duk wata buƙatar gwajin da ya ƙunshi ɗan tayin da aka gyara. Ita Sin laifin yin aikin likita ba bisa ƙa'ida ba ta kama He Jiankui da shi, sai a 2021 ta shigar da wannan aiki kai tsaye cikin dokar manyan laifuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarinta a 2021, amma shawara ce, ba ta da ɗan sanda. Mai kuɗin da aka hana a ƙasarsa yana iya hawa jirgi.

Game da tsoron abokanka kuwa, ba sai an jira jarirai masu basirar saye ba kafin a ga rashin adalci. An sa wa Casgevy farashin dala miliyan 2.2 a Amurka, kuma yana buƙatar asibitin da ke iya dashen ɓargo, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a Afirka kudu da Sahara suke, inda da yawa ko gwajin gano cutar da wuri ba sa samu. Bayanan ƙwayoyin gado da ake gina wannan ilimi a kansu ma akasari na mutanen da asalinsu Turai ne, shi ya sa ingancin hasashen da ake yi da su yake raguwa sosai idan aka gwada shi a kan wasu al'ummomi. Ni a ganina tambayar siyasa ta farko ita ce ina ake zuba kuɗin bincike, kuma wa ake tunawa da shi lokacin sa farashi.

Ilimin likita yana da inda ya tsaya a wannan batu. Zan iya gaya maka haɗarin magani da abin da gwaji ya nuna, amma ma'anar kyakkyawar rayuwa ba a ɗakin gwaji ake gano ta ba, kuma ra'ayina a kanta bai fi naka nauyi don ina likita ba. Batun halacci ko haramci a addini na malamai ne. Haƙƙinsu a kanmu shi ne mu ba su cikakken bayanin yadda abin yake, ba yadda masu talla suke faɗa ba. Haka kuma abin da yake da wuya yau yana iya sauƙaƙa, saboda haka kada ka ɗauki raunin fasahar a matsayin kariya ta dindindin.

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, wato abin da ke faruwa bayan an dasa wa mutum na'ura. Kamfanin Second Sight ya dasa wa makafi fiye da 350 na'urar ido mai suna Argus II, wadda ta ba su damar ganin haske da inuwar abubuwa. A 2019 ya daina ƙera ta, a 2020 ya sallami mafi yawan ma'aikatansa, mutane suka wayi gari da na'ura a cikin ido ba tabbacin mai gyara ta idan ta lalace. Na'urar ƙwaƙwalwa kuma tana da ƙarin matsala, domin tana tattara bayanan abin da ke gudana a kan mutum. Wannan ne ya sa Chile ta gyara tsarin mulkinta a 2021 domin ba waɗannan bayanai kariya. Ina zama a wani kwamiti da ke tantance binciken da za a yi a kan mutane kafin a ba shi izini, kuma duk lokacin da aka kawo mana wani abu da za a bari a jikin mutum, nakan nemi a nuna mini wanda zai gyara shi bayan an gama binciken, da wanda zai biya kuɗin cire shi idan mai shi ya ce ya fasa, da kuma hannun da bayanansa za su faɗa idan aka sayar da kamfanin. Idan ba a rubuta amsoshin a takardar da majinyaci zai sa wa hannu ba, cikin harshen da yake ji, nakan nemi a mayar wa masu binciken takardunsu su cike su kafin mu sake zama.